Ina ruwan ɗan Damagaram da yaƙin Turawa?

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Zinder, shekarata ta uku ke nan. Duk ranar da na shiga darasin yaƙin duniya na ɗaya, ko karyewar tattalin arziki ta 1929, ko yaƙin cacar baka, sai in ga yara suna kwafa a kaye amma hankalinsu ba ya wurin. Ran nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, 'Madam, ina ruwanmu da yaƙin Turawa?' Na ba shi amsa, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Da gaske akwai inda wannan tarihi ya taɓa talakan Damagaram, ko don jarrabawa kawai muke karanta shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Yaron nan kada ki ɗauke shi mara kunya, shi ne ya furta abin da sauran ajin ke riƙe da shi a ciki. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli a makarantun jihar nan, daga Magarya zuwa Tanut zuwa nan cikin gari, kuma an yi mini wannan tambaya ba sau ɗaya ba. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: ko abubuwan da suka girgiza duniya cikin shekaru ɗari da hamsin ɗin nan sun shigo gidan talakanmu da gaske, kuma in sun shigo, ta wace ƙofa za ki nuna wa yara su. To sun shigo, har cikin tukunyar miya. Abin da ya hana yara gani shi ne littattafanmu suna tsayawa a inda aka yanke shawara, Barlin da Faris da Landan, ba sa bin sawun shawarar zuwa inda ta sauka a kan mutum. Bin sawun nan shi ne aikinki.

Fara da abin da ke aljihunsu

Ni da kuɗi nake farawa. Sai in ce wani ya fito da kuɗin ƙarfen da aka ba shi na kalaci ya ɗora a kan tebur. In tambaye shi nawa ne, ya ce dala biyar. In ce karanta abin da ke rubuce a jiki, ya ce 25. A nan aji yakan yi tsit, domin kullum suna kashe wannan kuɗi, amma ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa baki ke cewa biyar, ƙarfe na cewa ashirin da biyar. Dalilin yana can Ostiriya. An yi wata sarauniya, Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780. Azurfa mai hotonta ta samu karɓuwa ƙwarai a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan wajenmu, har aka ci gaba da buga ta da 1780 a jiki fiye da ƙarni guda bayan rasuwar mai hoton, saboda fatake ba sa yarda da wadda aka sauya wa kama. Sunanta tala. Daga wannan suna dalar Amurka ta fito, daga shi tamu dalar ta fito. Ayarin Tarabulus ne ke kawo ta. Da Faransawa suka zo da azurfarsu ta tamma biyar, wato faran biyar, mai kusan girma ɗaya da waccan, sai mutane suka ɗora mata tsohon suna. Azurfar ta tafi, sunan ya zauna, shi ya sa har gobe mai tallar ƙosai a Kasuwar Dole da biyar-biyar take lissafi, dala 200 ta ce jikka.

Kafin wannan, kuɗin talaka wuri ne, shi ya sa har yanzu muke cewa wuri na gugar wuri. Asalin wurin nan daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya yake. Jiragen Turawa ne ke jibge shi a bakin teku suna sayen bayi da shi, daga baya manja, ya bi hannu zuwa hannu har ya iso Birnin Zinder. Keso guda wuri 20,000 ne, kaya ne na sosai. Da Nasara ya ce lanho, wato haraji, da kuɗinsa kaɗai za a biya, wuri ya fara mutuwa. Ba dare ɗaya aka yi ba, amma ki tuna da matar da ta yi shekaru tana tara wuri a tulu don kayan ɗakin ɗiyarta. Ba a yi mata fashi ba, tulun na nan cike, sai dai abin da ke ciki ya daina sayen komai. Mai gida kuma dole ya nemi abin da zai sayar ya samu kuɗin Nasara, ko ya tafi cin rani ya nemo.

Irin wannan mu ma mun gani da idonmu. Ran 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa a wani taro a Dakar: faran Faransa guda da ke sefa 50 ya koma sefa 100. Lokacin ga albashi ba ya zuwa a kan kari. Ina tuna tsayuwata a wani kantin magani da takardar likita ta ɗana a hannu, mai kantin na duba sabon farashi, ni ina ƙirga abin da ke aljihuna, a ƙarshe na ɗauki biyu cikin magunguna uku na bar ɗaya. Iyayen ɗalibanki da yawa suna da labari irin wannan. In suka kawo shi aji, bayanin Bankin Duniya da Asusun Lamuni da gyaran tattalin arziki zai samu wurin zama a kansu.

Hanyar arewa da ta mutu, da iyakar da aka shata

Ki kai su unguwar Zango ko da a baki ne, ki tambaye su me ya sa ake ce mata Zango. Nan ayari ke sauka. Hanya ce daga Kano ta biyo Zinder, ta bi Agadas da Gat da Gadamus ta fita Tarabulus, raƙuman Abzinawa ke ɗaukar kaya, Larabawa ke ba da jari. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ja ganuwa ya sa maƙera suka zuba igwa, garin ya cika ya batse. Abin da ke tafiya arewa akwai gashin jimina, wanda matan Landan da Faris ke ƙawata hulunansu da shi, akwai jemammiyar fatar akuya da ke wucewa Tarabulus har ta tsallaka Amurka. Wato majemin da ke tsaye cikin ramin bagaruwa a bayan ganuwa, hannunsa ya rine, farashin aikinsa yana da nasaba da abin da masu ɗinkin takalma a wata nahiya ke so. Kuma a cikin kayan da ke tafiya arewa akwai mutane. Arzikin Damagaram na wancan lokaci da bayi a cikinsa, waɗanda aka kamo daga ƙauyukan da aka ci da yaƙi. Wannan kada ki tsallake shi don yana da nauyin faɗa. In tarihin talaka za ki koyar, su ne talakan talaka.

A shekara guda, 1911, abu biyu suka haɗu suka karya wa hanyar nan baya. Dogon jirgin ƙasa na Ingilishi ya iso Kano daga Ikko, sannan a watan Oktoba Italiya ta auka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke yin watanni da shi cikin hamada, yanzu jirgi na kai shi bakin teku cikin kwanaki, a kan kuɗi kaɗan. Bayan shekara uku aka shiga yaƙi, matan Turai suka daina yayin gashin jimina, kasuwarsa ta faɗi warwas. Madugu da dillali da fatoma da mai sayar da ciyawar raƙumi, kowa ya ji a jikinsa. Fuskar Zinder da ke kallon arewa ta juyo kudu, kuma har yau Kano take kallo.

Zuwan Faransawa kuwa yara sun san sunayen: hafsan soja Cazemajou da aka kashe a nan a 1898, Voulet da Chanoine da suka jagoranci rundunar da ta biyo baya, yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, kisan Sarki Ahmadu Kuran Daga a Satumbar shekarar. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne Faransa tsere take yi da Ingila, tana so ta haɗe Aljeriya da kogin Kwara da Kongo a bakin tafkin Chadi, Zinder kuma ta faɗo a kan hanya. Sojojin da suka yi aikin galibinsu baƙaƙe ne 'yan yamma, Turawan cikinsu 'yan ƙalilan. Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan dakon da aka ɗaure da igiya, da matan da aka kwasa, da mutanen garuruwan da aka ƙone irin su Birnin Konni.

Akwai wani labari da nake son ki riƙe, don bai taɓa kasa kama hankalin aji ba. Iyakar farko da aka shata a takarda ta bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga bakin Kwara zuwa Zinder. A 1904 Ingila da Faransa suka zauna sasanta rigingimunsu na duniya, na Masar da na Maroko da sauransu. A cikin abin da aka yi musaya, Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can gabashin Kanada ta yau, ita kuma Ingila ta yarda a matso da iyakar nan kudu. Daga baya aka zo aka kakkafa duwatsun iyaka. Saboda haka akwai garuruwa a kudancin Nijar da jikokinsu ke karatu da Faransanci maimakon Ingilishi, suna kashe sefa maimakon naira, kuma a cikin dalilan akwai kifin wani teku mai ƙanƙara da kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba. Yaron da kakarsa ke Daura ko Ɓaɓura, shi yana Magarya, ba ya buƙatar a ce masa wannan darasi nasa ne.

Yaƙe-yaƙen biyu

Yaƙin 1914 ya tarar da mutanenmu a galabaice. Damina ta 1913 ta ƙi, aka yi yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, mutane suka tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, wasu suka bar gari ba su dawo ba. A kan wannan aka zo neman soja da hatsi da dabbobi. Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000 daga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, kimanin 30,000 suka mutu. Rabon Nijar a adadin bai kai na Mali ko Burkina ta yau ba, amma yaƙin ya zo mana ta wata ƙofa. A Disambar 1916 Kawsan, wani jagoran Abzinawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, yana tare da 'yan Sanusiyya, waɗanda ke da goyon bayan Turkiyya, Turkiyya kuma na ɓangaren Jamus. Bindigoginsa da igwarsa daga abin da aka ƙwace hannun Italiyawa a Libiya suke. Zinder ce hedikwatar ƙasar a lokacin, daga 1911 zuwa 1926, saboda haka daga nan rundunar ceto ta tashi, Ingilishi ma suka turo taimako daga Najeriya, aka karya kewayen a farkon Maris 1917. Raƙuman da suka ɗauki kayan rundunar na mutane ne, geron da ta ci daga rumbunan Damargu da Damagaram ya fito. Abin da ya biyo baya a Abzin, kisan malamai da ƙwace dukiya, ya sa mutane da yawa suka watso kudu. Ana gama wannan sai ga annobar murar 1918, wadda aka sa wa suna marisuwa, ta biyo jiragen ruwa da hanyoyin fatake ta shiga gida-gida.

Darasin 1929 ya fi kowanne saurin bayani, in kika ɗauko shi ta gyaɗa. Kasuwar hannun jari ta faɗi a Niyok, masana'antun Turai suka rage saye, farashin gyaɗa da fata ya zube, amma lanho bai sauka daidai da zubewar ba. Manomin Matamaye ya noma abin da ya saba nomawa, ya kai sikeli, kuɗin bai kai na kumandan ba. Me zai yi? Ya sayar da akuya, ko ya ci bashi, ko ya ɗaure kaya da dare ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Wannan na ukun ina so ki tsaya a kansa. Takardun kumandojin kudu cike suke da kukan mutane sun gudu, ƙidaya ta ragu. Talakan ƙasar nan ba shi da bindiga, ƙafa gare shi, kuma ya yi aiki da ita: ya guje wa lanho, ya guje wa ɗiban soja, ya guje wa aikin dole, in an sassauta ya dawo. Wasu suka miƙa gabas a ƙasa da niyyar hajji, suka tsaya suna tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan don neman guzuri, jikokinsu na can har yau. Idan yara suka ga wannan, za su daina ɗaukar kakanninsu a matsayin mutanen da abu ke faɗo wa kawai.

A yaƙi na biyu Zinder ta zama bakin daga ba tare da an yi harbi ba. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Bishi da ke ɗasawa da Jamus, Chadi ta bi Janar De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan shekarar, Najeriya kuma ta Ingila ce. Maƙwabta biyu suka zama abokan gaba a takarda har zuwa ƙarshen 1942. Aka tsaurara iyaka, yadi da sukari suka yi wuya, masaƙa suka koma kan aikinsu gadan-gadan, fataucin dare ya bunƙasa, gardi kuma na bin ƙauyuka yana tilasta zuba hatsi a rumbunan gwamnati.

A shekarun 1980 na zauna da wani tsohon soja a zaurensa cikin Birni, da rakoda da kaset. Ya aika aka ɗauko masa wani gwangwani naɗe cikin tsumma, ya buɗe a hankali: ɗan littafinsa na soja da gefensa ya cinye, lambar yabo guda, da hoto da ya koɗe. Na tafi da tambayoyi a kan janarori da sunayen fagagen fama, shi kuwa abin da ya riƙe daban ne. Ranar da aka jera su likita na duba haƙora da ƙirji. Uwarsa da ta bi su har bayan gari tana riƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli. Amai a cikin jirgin ruwa. Asubar da ya tashi ya tarar ruwa ya daskare a gwangwani, ya rasa na alwala ya yi taimama, yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Da muka zo maganar fansho sai muryarsa ta sauya. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, na takwarorinsu Faransawa na hawa, nasu na tsaye, kuma ba a fara gyara abin sosai ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da shi da mafi yawan tsaransa sun riga mu gidan gaskiya. Tun ran 1 ga Disambar 1944 aka nuna musu alama, da aka buɗe wuta a kan sojojin da ke neman haƙƙinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar. Duk da haka jinin nan bai zuba a banza ba. Faransar da baƙar fata suka taya ƙwato kanta ba ta iya ci gaba da tafiya yadda take, kuma a Afrilun 1946 aka soke aikin dole. Na tambayi tsofaffi da dama a ƙauyuka ranar da suka fi jin sauyi a rayuwarsu, da yawansu ba ranar samun 'yancin kai, 3 ga Agustan 1960, suka ambata ba, ranar da gardi ya daina zuwa ɗiban mutane aikin hanya suka ambata.

Cacar baka, da abin da yaran suka gani da kansu

Yaƙin cacar baka ya shigo mana ta Sawaba. Wannan jam'iyya ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumbar 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka kayar da ita, aka haramta ta a 1959. Ƙarfinta a garuruwa irin namu yana wurin direbobi da yaran mota da teloli da ƙananan ma'aikata. Samari daga cikinsu suka je horo a Gana da Aljeriya da Sin, suka dawo da makamai a 1964, aka murƙushe su. Daga baya yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya yi daraja bayan tashin farashin man fetur na 1973, Faransa ta dage kan wutar nukiliya, kuɗi ya shigo aka gina makarantu da hanyoyi, farashin ya faɗi a shekarun 1980 aka tsuke bakin aljihu. Tsakanin nan fari ya cinye dabbobi, ya kashe noman gyaɗa, ya taimaka wajen kifar da gwamnatin Shugaba Diori Hamani ran 15 ga Afrilun 1974. Yunwar 1984 kuwa mutane suka sa mata El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da canjin naira, aka rasa hatsin kudu a lokacin da aka fi buƙatarsa. Sunan kaɗai darasi ne: talaka ya san fari daga Allah yake, ya kuma san wanda ya rufe ƙofa.

Ɗalibanki ma shaidu ne. A gidajensu akwai wanda ya dawo daga Libiya hannu rabbana a 2011 bayan faɗuwar Gaddafi, a shekarar da aka buɗe matatar man Soraz da Sinawa suka gina a hanyar Tanut. Akwai masu dangi a ƙasar Kance, inda mafi yawan mutum 92 ɗin nan suka fito, galibi mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a Oktoban 2013. Su da kansu sun ga tiyar hatsi da kuɗin shinkafa da ɗaukewar wuta bayan rufe iyaka a 2023.

Yadda nake yi a aji, da inda hanyar ke da rami

Kowane yaro nakan ba shi tambaya guda ya kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gidansu: a wace shekara aka haife ki, ko aka yi miki aure? Tsohuwa ba za ta ce 1953 ba. Za ta ce shekarar fara, ko bayan yunwa kaza da damina biyu, ko shekarar da sarki wane ya hau. Yara su kawo amsoshin, mu raba allo biyu, gefe guda sunan da tsofaffi suka ba shekara, ɗaya gefen shekarar da ke littafi da abin da ke faruwa a duniya lokacin. Aikin haɗa gefen biyu shi ne darasin. Minti goma sha biyar a farkon kowane babi ya isa, sauran lokacin ki bi manhajarki, domin jarrabawa na nan tana jiransu kuma tana son shekaru da sunayen yarjejeniyoyi daidai. Abin da na lura shi ne yaron da ya rataya 1929 a kan labarin kakansa ba ya mantawa da 1929.

Sai dai ki yi hattara da wasu abubuwa. Ƙwaƙwalwa tana haɗe shekaru: tsoho zai iya zuba yunwa biyu a ƙwarya ɗaya, ko ya ba ki labarin da ya ji daga ubansa kamar shi ya gani. Ba ƙarya yake ba, haka tunani yake, shi ya sa ba na karɓar shekara daga baki ɗaya sai na ji ta daga wani gari ko na same ta a rubuce. Takardar Nasara ita ma ba Alƙur'ani ba ce, kumandan na rubuta abin da zai faranta wa na sama da shi rai. Kuma kada son haɗa komai da waje ya ɗebe ki. Ba kowace wahala ce aka aiko daga Faris ba: akwai ta fari, akwai ta sarakunanmu, akwai ta gwamnatocinmu, akwai wadda maƙwabci ya yi wa maƙwabci.

Maganar asalin bauta da maganar Sawaba har yau suna da zafi a wasu gidaje. Kada ki sa yaro ya tona asirin gidansu a gaban aji. A nemi izinin tsoho kafin a ɗauki muryarsa, in ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Ni kuma aikina yana da giɓi da nake so ki cike. Ni namiji ne, a zaure nake tsayawa, saboda haka kaset ɗina muryoyin maza ne suka cika su, kuma ban wuce ƙasar Damagaram da Damargu ba. Ke kina shiga har ƙuryar ɗaki. Matan da suka daka geron sojoji, suka yi jiran mijin da ya tafi yaƙin Faransa a Indoshin, yankin Biyetnam na yau, suka sayar da tasoshin aurensu a 1984, ke za su gaya wa abin da ba za su gaya mini ba. Ki ɗauka da waya, ki ajiye kwafi a wuri biyu, don zafi da ƙura sun cinye mini kaset da yawa.

In kina neman abin da za ki fara da shi a babin cacar baka, ki ce su je su dubi damtsen kakanninsu, za su ga tabon lamba. Tarayyar Sobiyet ce ta kawo shawarar kawar da agana daga duniya a 1958, Amurka ta ɗauki nauyin gangamin Afirka ta Yamma daga 1967, ma'aikatan lafiyarmu suka bi kasuwa-kasuwa da ruga-ruga suna yi wa mutane, a 1980 aka sanar cutar ta ƙare. Ki gargaɗe su kawai cewa tabon allurar tarin fuka da su ma suke da shi daban ne, saboda haka su tambayi kakar a ina aka yi mata, wa ya riƙe ta, kuma ko ta san wanda agana ta ɓata wa fuska ko ta makantar a garinsu.